Karsana Bakwai a Maƙogwaro

"Ba ni wuƙar, na ce!"

"Me za ka yi da ita?"

"Ku ji ɗan banza! Karsana bakwai na kwance a gindin Maƙogwaro, shi yana tambayata me zan yi da ita!"

Domini ne ke ihun, shugaban ƙungiyar masu shanun ƙauyenmu, wanda ya ɗauke ni kiwon karsana sittin a kan dutse a bazarar nan. Uku cikin bakwan nasa ne. Yawunsa na sauka a fuskata. Ban goge ba.

Na zaro wuƙar na miƙa masa. Ja ce, irin wadda ke aljihun kowane namiji a kwarin nan: kaifi, zarto, basilla, sukuddireba, mabuɗin gwangwani. Ya sa farce ya buɗe sukuddireban, ya ɗaga sama don mutanen da suka hauro tare da shi su gani. Bakin sukuddireban na ƙyalli.

"Kun gani? Kwanan nan aka yi aiki da shi."

"Kullum ana aiki da shi. Da shi na ɗaure shingen."

"Da shi kuma ka kwance."

Shingen katako uku ne a gicciye tsakanin dirka biyu, da noti shida. Bayansa tsohuwar hanyar makiyayar sama ce. Shekara shida da suka wuce dutse ya zabtare ya tafi da tsakiyarta, ya bar ramin da muke kira Maƙogwaro, aka rufe ta. Da safiyar wannan Talatar, cikin hazo, wani ya cire katakon. Karsana sha ɗaya suka shiga. Na baya suka yi ta tura na gaba. Huɗu muka samu tsaye a bakin ramin.

"Kana ina lokacin?"

"Kan falalen da waya ke samun layi."

"Awa nawa?"

"Biyu."

Saƙon wata yarinya nake jira. Bai zo ba. Ban gaya musu wannan ba.

"Ranar Asabar me ka ce mini a gaban mutane? Maimaita su ji!"

Ba sai na maimaita ba, duk sun ji. Ya zage ni ne a kan buhun gishirin da ruwa ya jiƙa, ya haɗa da ubana da ke kabari. Ni kuma na ce Allah ya sa ya tarar da shanunsa a rami.

Da yamma jirgi mai saukar ungulu ya zo ya kwashe su ɗaya bayan ɗaya, a rataye da igiya, ƙafafu na lilo. Ƙararrawar da ke wuyan ɗaya ba ta tsinke ba, ta yi ta kaɗawa a sama har suka ɓace. Na tsaya ina jira in ji wani abu a raina. Ban ji ba.

Ɗan sanda ya rubuta sunana, ya ce in same shi a ofishinsu na garin Schwyz ranar Litinin. Na san abin da ke bayan wannan: kotu, sannan ko akuya ba mai sake ba ni in riƙe masa a kwarin nan. Ban iya wani aikin ba. Domini ya miƙa garken ga ƙaninsa, ya kuma aika a kira Meiri, don yana son hujjar da zai kai gaban alƙali.

* * *

Meiri ya yi shekara talatin yana gadin namun dawa a duwatsun nan kafin gwiwa ta ajiye shi. Gajere ne, kafaɗarsa ɗaya ta fi ɗaya sauka, da lanƙwasasshiyar taba a baki wadda ba ya kunnawa. Ya iso ranar Laraba da sassafe, ya same ni a rumbun ciyawa inda na kwana. Abu na farko, ya jefo mini wuƙata.

"Na karɓo wurin Domini. Da me za ka ci burodi, da haƙori kamar kare? Tashi. Ka tsaya a bayana. Jiya garke ya tattake mini rabin maganar, masu ƙafa biyun nake nufi."

Ya fi awa guda yana rarrafe a bakin shingen. Ba ya magana sai da ƙasa.

"Ba kora su aka yi ba. Dubi tazarar kofaton. Tafiya suke a natse, kamar masu zuwa coci." Ya dangwali wani dutse ya lasa. "Gishiri. Kiransu aka yi, suka zo."

"Wa?"

"Da na sani da ina gida ina shan kofi."

Ya nuna mini sawun mutum, takalmi mai ƙusoshi a ƙasa, irin wanda rabin dattawan ƙauye ke da shi. Takun gajeru ne. Mutumin ya bi shanun taku goma cikin hanyar, ya tsaya, ya daɗe a tsaye har ƙasa ta lotsa. Sannan ya juyo ya gangara ta bakin rafi, inda duwatsu suka cinye sawun.

Katakon uku kuwa ba jefar da su aka yi ba. Suna ƙarƙashin wani dutse mai rumfa, a jere, an ɗora su kan 'yan duwatsu biyu don kada su taɓa ƙasa. Meiri ya daɗe yana kallonsu. Notunan babu ko ɗaya.

Can gefe, cikin laka, ya sami wani sawun daban, na roba, dunduniyar hagu ta cinye ta waje. Ya yi murmushi a karon farko.

"Wannan kam na san shi. Shekara ashirin ina bin sa. Amma bari mu fara da mai ƙorafi."

* * *

Mai ƙorafin Brunner ne, mutumin birnin Zurich da ya sayi tsohon gidan katako a ƙasan makiyayar don hutu. Wasiƙa huɗu ya rubuta wa hukumar ƙauye cewa ƙarar ƙararrawar shanu na hana shi barci. A kantin burodi an riga an yanke masa hukunci, shi da ni, rabi da rabi.

Muka same shi a baranda da gajeren wando.

"Ni na ce a rage ƙara, ban ce a kashe dabba ba! Ranar Talata ma ina Zurich wurin likitan haƙori. Ku duba." Ya wangale baki.

"Rufe, ranka ya daɗe, mun yarda. Kana da wuƙa?" in ji Meiri.

Ya shiga ciki ya fito da ita cikin akwatinta. Kauri kamar bulo. Ya ce abu talatin da uku ne a jikinta, har da gilashin duba ƙananan abubuwa da abin cire ƙayar kifi.

"Kifi," in ji Meiri. "A nan."

Ya nuna masa wani noti a jikin ƙyauren barandar, ya ce ya kwance. Brunner ya buɗe almakashi, ya rufe. Ya buɗe abin cire murfin kwalba, ya rufe. Da ya samo sukuddireban, farcensa ya karye. Ya murɗa, wuƙar ta zame ta karce katakon.

"Ya isa, kada ka ji ciwo a ɗora mana."

A hanya Meiri ya ce, "Man da aka sa mata a masana'anta bai ma bushe ba. Wannan ko ƙofar gidansa aka ce ya cire, sai ya kira lauya."

Ya jira in yi dariya. Ban yi ba.

* * *

Mai takalmin roba Kari ne, wanda kowa ya san yana harbin barewar dutse ba da izini ba, ba a kuma taɓa kama shi ba. Muka tarar yana faskare a bayan gidansa.

"A'a! Gwamnati da kanta! Na ɗauka gwiwar ta kai ka kabari."

"Sai na ga naka tukun. Me ka je yi bakin Maƙogwaro?"

"Shan iska."

"Da bindiga?"

"Iskar wurin akwai haɗari."

Suka yi dariya tare. Kari ya ɗauko kwalba ya tsiyaya musu a kofi. Ni bai ba ni ba. Ya ce gaskiya ya hau ranar Talata da asuba, ya wuce ta gaban shingen yana nan a rufe, ya je ya laɓe a saman dutse. Hazo ya rufe ko'ina, ko bakin bindigarsa ba ya gani.

"Shekara biyu da suka wuce ƙungiya ta hana ka kai shanunka sama," in ji Meiri. "Domini ne ya kawo maganar."

"In zan rama a kan Domini, shi zan tura ramin. Me karsana ta yi mini?"

"Ka ji wani abu?"

Kari ya juya kofinsa a hannu. "Na ji ana kiran shanu."

"Muryar yaron nan?"

"Wannan? Wannan fito yake musu kamar mai kiran tasi. Kiran da na ji irin na da ne, mai jan wuya, wanda dutse ke amsawa. Na daɗe ban ji irinsa ba."

"Muryar wa?"

Kari ya dube ni. Karo na farko ke nan tun zuwanmu. Ya kawar da kai, ya ɗauki gatarinsa.

"Hazo na canza murya, Meiri. Ka fi ni sani."

* * *

Ranar Alhamis rana ta fito. Meiri ya ce mu koma shingen. Wannan karon bai kalli ƙasa ba. Ya tsaya gaban dirkar yana shafa ta da yatsa.

"Sebi, noti nawa ka ce?"

"Shida."

"To ina ramukansu?"

Na matsa. Babu rami. A kowane wurin da noti ya fita an cusa ɗan matoshin itace, an buga shi ya shige daidai, an shafe bakin da laka. Idan ba ka nema ba, ba za ka gani ba.

Ya buɗe basillar wuƙarsa, ya soka a hankali, ya zaro ɗaya. Tsawon gaɓar yatsa, ɗanyen itace, an feƙe shi tsaf.

"Ka san amfaninsa?"

"Don kada ruwa ya shiga dirkar ta ruɓe."

"Kai kana yi?"

"A'a."

"Ni ma na daina. Ba mai yi yanzu." Ya zaro sauran biyar, ya jera a tafin hannunsa. "Mutum ya zo kashe dabbobin mutane. Ya ajiye katako inda ruwa ba zai taɓa ba. Ya zauna cikin sanyi ya feƙe matosai shida saboda tausayin dirka. Wannan ya yi maka kama da mai mugunta? Wanda ya yi wannan a ganinsa aiki yake yi, kuma yana da niyyar dawowa ya mayar da shingen."

Ya miƙo mini ɗaya, ya ce in juya shi a rana. A kan kowace sassaƙa akwai wani siririn layi da ya taso kamar zare. Duk shidan haka.

"Kaifin na da giɓi kusa da ƙota. Duk abin da ya yanka sai ya bar wannan. Ka taɓa ganin irinsa?"

Na taɓa. Ina da shanun itace goma sha huɗu a kwali a ƙarƙashin gadona, waɗanda aka sassaƙa mini ina ƙarami, kowace da wannan zaren a gadon bayanta. Har na shiga makaranta ina tsammanin haka ake halittar saniya.

"Talatar nan nawa ga wata?" in ji Meiri, kamar da kansa yake.

Ashirin da biyar ga Yuli. Ranar Waliyyi Yakob. Kafin dutse ya zabtare, a ranar ake buɗe wannan hanya a hau da shanu sama. Shekara arba'in da ɗaya mutum ɗaya ne ke buɗe ta.

"Ban taɓa ganin irin layin nan ba," na ce.

Meiri ya zuba matosan a aljihun rigarsa ya ɓalle maɓallin. Bai kalle ni ba.

* * *

Da la'asar na sauka gida. Kakana Wisi na zaune a bencin ƙofa yana gyaran haƙorin manjagara. Shekararsa saba'in da tara, amma har yau yana riga ni kaiwa kan dutse.

"Ga raggo ya sauko! Wa ka bar wa shanun, matarka? Au, na manta, ba wadda ta yarda."

"Sannu, tsoho mai ran ƙarfe."

"Ka ci abinci, Fredi?"

Fredi sunan ubana ne. Tun hunturun da ya wuce yake haɗa mu.

Wuƙar na hannunsa. Ta soja ce, mai farar ƙota, tun yana ɗan shekara ashirin aka ba shi. Ƙotar ta goge ta yi sulɓi, kaifin ya sirance saboda wasawa, amma in ya rufe ta har yau sai ta ce ƙas. Giɓin da gangan yake barinsa, har yana ƙara masa zurfi da magagari, wai nan ne ke kama masa igiya.

Mahaifiyata, Teres, na kicin. Tana fita aikin kantin burodi ƙarfe biyar na safe, ba ta dawowa sai azahar. Na rufe ƙofa.

"Mama, ranar Talata ina Kaka yake?"

Ta ci gaba da fere dankali.

"Mama."

Ta ajiye. Ta buɗe gwangwanin sukari na saman kanta, ta juye a tebur. Noti shida.

"A aljihun wandonsa na samu. Takalmansa sun yi laka har wuya, na wanke. Na tambaye shi, ya ce shi ba inda ya je." Ta tattara notunan wuri ɗaya. "In aka sani za su ɗauke shi, Sebi. Gidan tsofaffin nan na Schwyz, mai ƙofar da ba ta buɗuwa daga ciki. Ko cokali mai yatsu sai an ƙirga musu. Ba zai yi wata guda ba."

"Ni kuma ɗan sanda na jirana ranar Litinin."

"Na sani."

Ba ta ce in ɗauki laifin ba. Ba ta ce kada in ɗauka ba. Ta mayar da notunan cikin gwangwani.

Ranar Juma'a da safe, Kaka yana wanka, na zare wuƙar daga wandonsa. Na tafi kan gada na tsaya. Kogin ya cika da ruwan ƙanƙara. Na riƙe ta a saman ruwan, na daɗe. Sai na ce bari sai gobe, na dawo da ita a safata.

Na tarar ya birkita gidan. Yana shafa aljihun dama, ya shafa na hagu, ya koma na dama. Da rana Mama ta ajiye masa burodi da busasshen nama da wuƙar kicin. Ya kalli wuƙar kamar an ajiye masa mataccen ɓera. Bai ci ba. Da yamma ma bai ci ba. Ya zauna a benci, hannuwansa a kan gwiwa a buɗe, ya rasa inda zai sa su. Ban taɓa ganin hannuwan nan ba komai a cikinsu ba.

Na sunkuya kamar ina ɗaure takalmi.

"Ga ta nan ƙarƙashin benci, tsoho. Ido ya tafi."

Ya karɓe. Ya buɗe, ya rufe, ya buɗe. "Ɓarawo," ya ce, yana dariya. Ya ci burodi rabi.

Ranar Asabar Meiri ya zo. A gaban Kaka ya yi maganar, da ƙarfi: gobe bayan coci za a zauna a bukkar makiyaya, ana son dattijon da ya san dutsen. Kaka ya ce a goge masa rigarsa mai ado. Na bi Meiri har mota.

"Ka bar shi, Baba Meiri."

"Ba zan kira sunan kowa ba. Abin da na samu zan ajiye a tebur."

"Ni na yi."

"To," ya ce. Ya tayar da mota.

* * *

Mu tara ne a bukkar. Domini da wasu mutum biyu da su ma suka yi asarar shanu, Brunner da sabon takalmin hawa dutse, Kari a bakin ƙofa inda zai fi saurin fita, Mama, Kaka a bakin tebur inda ya saba zama, Meiri, da ni. Meiri ya kawo burodi da curin cuku guda da ba a taɓa ba.

Ya yi bayani a taƙaice. Brunner na Zurich, kuma ko yana nan ba zai iya ba. Brunner ya buɗe baki zai yi gardama, ya fasa. Kari ya wuce tun shingen na rufe.

"Saura wa?" in ji Domini. "Tun Talata nake faɗa."

Na miƙe.

"Ni ne. Na ji haushin zagin da ka yi mini. Na kwance, na zuba gishiri, na tafi."

Na ji maganar na fita kamar ta wani. Mama na kallon tebur. Domini ya buga hannu a cinya, ya ce a rubuta, a rubuta yanzu.

"Za a rubuta," in ji Meiri. Ya jefo mini wani reshe. "Feƙe mini matoshi ɗaya tukun."

Na feƙe. Ya karɓa ya ɗaga a hasken taga. Sumul, ba layi. Ya zaro shidan daga aljihu ya jera a gefensa, ya gaya musu inda ya same su, ya nuna zaren da ke jikinsu. Aka yi ta miƙa su hannu zuwa hannu.

"Da wata wuƙar na yi."

"Tana ina?"

"Na jefa a kogi."

"Kogi dai. To, mu ci abinci, yunwa nake ji."

Ba wanda ya yi tunani. Hannu kawai ya tafi aljihu, kamar kullum, wuƙaƙe suka fito suna ƙas, ƙas. A wurinmu ba a fasa sabon cuku in akwai babba a zaune. Domini da kansa ya tura curin gaban Kaka.

"Baba Wisi, sa mana albarka."

Na bi hannun Kaka da kallo.

Kaka ya goge kaifin a cinyarsa, ya yi alamar gicciye a kan ɓawon, ya danna. Ya yanko na farko ya miƙa wa Domini a bakin wuƙa. A fuskar cukun, daga sama har ƙasa, siririn zare ya taso.

Domini ya kalli cukun. Ya kalli matoshin da ke ɗaya hannunsa. Kari ya cire hularsa.

Kaka bai lura ba. Yana yanka yana rabawa, sai idonsa ya faɗa kan matosan. Ya ajiye wuƙar ya ɗauki ɗaya, fuskarsa ta washe.

"Wa ya cire waɗannan? Kai, wane sakarai ne? Ruwa zai shiga dirkar!"

"Ka san su, Wisi?" in ji Meiri a hankali.

"Ban san aikina ba? Dubi nan, Domini, tun kana da majina nake koya maka: ka cire noti, ka toshe rami. Yaran yanzu sai latsa waya. Ranar Yakob ta zo, gari ya waye, shinge a rufe, wannan raggon ba a san inda ya shiga ba. Na ce to, bari tsoho ya rufa masa asiri, kada a ce jikan Wisi ya makara da hawa."

"Baba," in ji Mama. "Baba, ya isa."

"Bar ni, Teres, yabonsa zan yi. Ya iya kiwo. Sun yi ƙiba, kira ɗaya na yi suka taho." Ya juyo gare ni, yana nuna ni da matoshin. "Kada ku ga laifinsa, yaro ne. Ni ma na taɓa makara."

Ba mai tauna. Domini ya ajiye cukunsa a tebur da hannu biyu, kamar abin da zai fashe. Takardar da aka ɗauko don rubuta maganata tana gaban ɗaya daga masu shanun. Ya ninke ta ya sa a aljihu. Ba wanda ya sake kallona. Sunana ya wanku, na kuma san ranar Litinin ba ni za a kai Schwyz ba, Kaka za a kai. Na nemi wani abu a ƙirjina, ko sauƙi ko kuka. Wurin shiru.

Kaka ya ɗauki wuƙarsa zai ci gaba da yanka, sai ya tsaya. Goshinsa ya tattare.

"Sha ɗaya na ƙirga suka shiga. Na juyo in koro sauran, sai..." Ya kalli taga. Ya kalli fuskokinmu ɗaya bayan ɗaya, ya tsaya a kaina. "Sebi, sun dai isa sama lafiya ko?"